Yaushe Jaki Zai Kamo Amalanke? Lissafin Da Za Ki Iya Koya Wa Ɗanki A Tsakar Gida

  

A makon jiya wata 'yar'uwa daga Bunkure ta turo mini hoton littafin 'yarta da ke aji shida a firamare. Tambaya ɗaya ce ta tsaya musu a wuya: dabbobi biyu suna tafiya a kan hanya ɗaya, ɗaya tana gaba, ta bayan ta fi ta sauri, minti nawa za a yi kafin ta bayan ta kamo ta gaban? Sau biyu yarinyar tana yi malami yana ja mata jan biro. Da ta kawo wa uwar, sai ta ce mata ta jira babanta, don ita tun tana makaranta ba sa ga maciji da lissafi. Baban kuwa yana can gonar tumatir, ba ya shigowa sai bayan isha'i, a gajiye liƙis. Ga shi jarrabawar shiga sakandare tana ƙaratowa.

Idan ke ma kin taɓa ce wa ɗanki "jira babanku", to zaman yau naki ne. Wannan lissafin kin daɗe kina yin sa da ka. Duk ranar da kika leƙa ƙofar gida kika ce wa yaro "maza ka ruga, za ka same shi kafin masallaci", ko kika ce "bar shi, ai ya yi nisa", shi kika yi. Abin da ya rage miki shi ne sanin yadda ake rubuta shi a takarda.

Mu leƙa bakin kanal

Wadda ta san yankin Kura da Bunkure da Garun Malam ta san rani ba ya hana ƙasar nan yin kore. Ruwan yana zuwa ne daga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a kan kogin Kano zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala ta a 1974. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shirin. Daga babban kanal ruwa yake rarrabuwa zuwa ƙanana, har ya isa gonakin shinkafa da alkama da masara da albasa da tumatir.

A gefen kanal akwai hanya, kuma a wurare da yawa miƙaƙƙiya ce samɓal. Duk da babura sun yi yawa, har gobe za ki ga jakuna da mangalar taki, da amalanken shanu, da garken da ake korawa kiwo, duk a kanta. Irin hanyar da masu rubuta tambayar lissafi suke nufi ke nan: hanya ɗaya, babu yanke, kowa yana bin ta. Saboda haka a nan za mu yi namu darasin. Lambobin da zan kawo na misali ne, na zaɓe su don su yi sauƙin rabawa, amma ba su yi nisa da ainihin tafiyar waɗannan dabbobi ba.

Maigida ya manta wayarsa

Ki ƙaddara maigida ya ɗora kwandunan tumatir a amalanken shanu ya nufi bakin titi, inda mota za ta kwashe su zuwa kasuwar Kwanar Gafan. Sai bayan minti 40 kika ga wayarsa a kan tabarma, ga dillali zai neme shi. Kika ce wa babban ɗanki, "Kai, hau jaki ka bi babanku da wayar nan."

Shanun suna cin kilomita 3 a awa ɗaya. Jakin yana cin kilomita 5 a awa ɗaya. Yaushe zai kamo su?

Matakai uku ne kacal.

Na farko, ki nemo ratar da ke tsakaninsu a lokacin da jaki ya tashi. Kilomita 3 a awa ɗaya yana nufin kilomita ɗaya duk minti 20. A minti 40, amalanke ya ci kilomita 2. Ratar ke nan.

Na biyu, ki nemo bambancin saurinsu. Ki debe 3 daga 5, saura 2. Ma'ana, duk awa ɗaya jakin yana rage ratar da kilomita 2. Sauran ukun da ya yi, amalanke ma ya yi su, ba su ƙara masa komai ba.

Na uku, ki raba ratar da bambancin saurin. Kilomita 2 a raba da 2, ya ba da 1. Awa ɗaya cur.

Kada ki bar yaro ya rufe littafi sai ya gwada amsar. A awa ɗaya jaki ya ci kilomita 5. Amalanke yana da 2 tun farko, ya ƙara 3, ya zama 5. Sun haɗu a wuri ɗaya, amsa ta yi daidai.

Ga ƙa'idar a layi ɗaya, ki rubuta masa a bangon littafi:

Lokacin kamowa = rata ÷ bambancin sauri

Tambayar da uwa za ta ƙara

Littafi yana tsayawa ne a "awa ɗaya". Ke kuwa kina da wata tambayar: bakin titin kilomita nawa ne daga gida? Idan kilomita 4 ne, to saura 2 ga amalanke lokacin da jaki ya tashi, zai kai cikin minti 40. Jakin kuwa yana buƙatar minti 48 kafin ya ci kilomita 4. Ashe ba a hanya za su haɗu ba. Sai ki ce wa yaron ya wuce bakin titi kai tsaye, ya daina waige-waige a hanya, ko ki nemi mai babur idan kina tsoron mota ta tashi.

Sannan ki duba tsadar jinkiri. Da a ce yaron ya tsaya shan kunu na minti 20, ratar ta koma kilomita 3. Uku a raba da biyu, awa ɗaya da rabi. Minti 20 na zama ya jawo ƙarin minti 30 na tafiya, wayar ta makara da minti 50. Abin da ya sa ke nan magabata suka ce da sanyin safiya ake kama fara.

Saniya ta tsinke, ga gonar maƙwabci

Yanzu ga inda lissafin yake taɓa aljihu da zumunci. Kowa ya san a lokacin rani, inda kore yake nan dabba take nufa. Saniya ɗaya ta shiga gonar alkama ko ta tumatir na ɗan lokaci ta isa ta sa a kwana gaban mai unguwa ko dagaci ana maganar ɓarna da biyan diyya, maƙwabta su yi wata ba sa gaisawa.

Ki ƙaddara saniyarku ta tsinke daga turke. Lokacin da aka farga, tana gaba da mita 300, tana tafiya mita 80 a minti ɗaya. Gonar maƙwabci tana mita 600 a gabanta. Yaro ya hau jaki yana sassarfa, mita 140 a minti ɗaya.

Rata: mita 300. Bambancin sauri: 140 a debe 80, saura 60. Ɗari uku a raba da sittin, minti 5. A cikin minti 5 saniyar ta ci mita 400 kawai, saura 200 ta kai gonar. An tsira.

To bari yaron ya ɓata minti 3 yana neman takalminsa. A minti ukun nan saniya ta ƙara mita 240. Rata ta zama 540, gonar kuma saura mita 360 a gabanta. 540 a raba da 60, minti 9. Ita kuwa minti huɗu da rabi ya ishe ta ta shiga gonar. Kafin ya iso ta yi minti biyu tana cin alkamar mutane, don shi sai ya yi kusan minti shida da rabi kafin ya ci mita 900 da ke tsakaninsa da gonar. Minti uku na neman takalmi su ne bambancin "mun gode Allah" da "a zo a ga ɓarna".

Ki lura da abu biyu da makiyaya suka sani tun kafin a kawo boko.

Na ɗaya, dabaibayi. Idan an yi wa saniyar dabaibayi ta koma mita 40 a minti ɗaya, bambancin sauri ya zama 100, ratar mita 300 ta ƙare a minti 3. Jakin bai ƙara gudu ko kaɗan ba, na gaba aka rage wa sauri. Hanyar ƙara bambanci biyu ce: ko na baya ya ƙara, ko na gaba ya rage.

Na biyu, ba a bin dabba da ihu ta baya. Idan yaron ya tsorata ta har ta zabura ta koma gudun mita 140 a minti, daidai da jakin, bambanci ya zama sifili. Ko za su kwana suna gudu ratar tana nan yadda take. An ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Gaskiya ne, amma ga abin da yake tsaye wuri ɗaya, kamar gari ko kasuwa. Abin da yake tafiya, in ba ka fi shi sauri ba, har abada ba ka kamo shi.

Shi ya sa makiyayi yake zagayawa ya tari gabanta. Idan dabbobi biyu suna fuskantar juna, tara saurinsu ake yi. Mai jaki ya taho daga gaban saniya, tsakaninsu mita 660: 140 a tara da 80 ya zama 220, a raba 660 da 220, minti 3. Darasin a nan shi ne, wani lokaci kiran wanda yake can gaba a waya ya fi tura yaro ya bi baya.

Tun da muna bakin kanal, bari in ja kunne. Kada a tura ƙaramin yaro bin dabba a gefen ruwa. Babban kanal yana da zurfi, ruwansa yana da ƙarfi, gefensa yana da santsi, mai gudu kuma idonsa yana kan dabbar, ba ya duba inda yake sa ƙafa. Idan takalmi ko hula ta faɗa ruwa, a koya wa yara su bar ta ta tafi. Diyyar alkama ana biya a wuce wurin.

Kurakurai uku da ke jawo jan biro

Da na duba littafin 'yar Bunkure, na ga kuskuren da yara da yawa suke yi. Ta raba ratar da saurin na baya kawai. A misalinmu na farko, wannan zai ba da kilomita 2 a raba da 5, wato minti 24. Amma a minti 24 jakin ya isa ne inda amalanke yake ɗazu. Shi amalanken ya ƙara gaba da fiye da kilomita ɗaya. Ki tambayi ɗanki, "Shanun tsayawa suka yi suna jiran ka?" Da ya yi dariya, ya gane.

Na biyu, tarawa a inda ya kamata a debe. Ki koya masa ya fara zana kibiyoyi biyu. In sun kalli gefe ɗaya, a debe. In sun kalli juna, a tara.

Na uku, haɗa minti da awa, ko mita da kilomita, a lissafi ɗaya. Kamar ki auna rabin shinkafa da mudu, rabi da gwangwani, sannan ki ƙirga su tare. Sai an mayar da su ma'auni ɗaya tukuna. Ga abin da zai taimaka: kilomita 3 a awa daidai yake da mita 50 a minti, kilomita 6 a awa kuma mita 100 a minti.

Ki yi shi a ƙasa kafin a takarda

Bayan la'asar, ki zana layuka 20 a tsakar gida da gawayi ko da tsinke, ki bar wurin farawa a gefe. Ki samo murfin kwalba biyu, ɗaya jaki, ɗaya amalanke. Ki aje jaki a wurin farawa, amalanke a layi na 8. Duk tafi ɗaya da kika yi, jaki ya tsallaka layi 5, amalanke ya tsallaka 3. Bayan kowane tafi ki tambaya, "Saura layi nawa tsakaninsu?" Zai ce shida, sannan huɗu, sannan biyu, sannan babu. Tafi huɗu, sun haɗu a layi na 20. Da kansa zai ga biyu-biyu ratar take raguwa, kuma takwas a raba da biyu huɗu ne.

Daga nan ki ba su sauri ɗaya, uku da uku, ki bar shi ya yi ta turawa har layuka su ƙare. Yaron da ya ga wannan da idonsa, ko tambayar ta zo masa da Turanci a ɗakin jarrabawa, ko an sa mota da babur a madadin jaki da shanu, zai gane ta. Irin ta tana biyo yaro daga firamare har ƙaramar sakandare, kuma mai burin shiga makarantun kimiyya irin na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ko ta 'yan mata da ke Garko, ba zai guje wa lissafin sauri da nisa ba.

Kuma ki gaya masa ba shi aka fara wahalarwa da ita ba. Akwai tarin tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa da ake dangantawa da wani malami ɗan Ingila mai suna Alkuwin, wanda ya rasu a shekara ta 804. A ciki akwai ta kare da zomo: zomo yana gaba da ƙafa 150, duk tsalle ɗaya kare yana cin ƙafa 9, zomo yana cin 7. Bambanci 2 ne, 150 a raba da 2, tsalle 75. Fiye da shekara 1,200 ke nan, hanyar warwarewar tana nan yadda kika koya yanzu.

Idan yaron ne ya zama na baya

Akwai wurin da wannan lissafin ya fi shafar ki fiye da jaki da saniya. A yankinmu na noman rani, yaro yakan yi fashin makaranta saboda zazzaɓi, ko saboda an tafi da shi tsinkar tumatir ko girbin shinkafa. Da ya dawo sai a ce "ai zai kamo su". Bari mu ƙirga.

Ya yi fashin mako uku, wato kwana 15 na karatu. A ce ajinsu yana cin shafi 2 kullum. Ratar shafi 30 ce. Idan ya koma yana yin shafi 2 kullum kamar kowa, bambanci sifili ne. Yana zuwa makaranta kullum, yana ƙoƙari, amma shafi talatin ɗin nan suna nan har ranar jarrabawa. Daga nan ake fara cewa yaro daƙiƙi ne, alhali rata ce ba a cike ba.

Idan kika ƙara masa shafi ɗaya a gida, ya koma 3, zai kamo su a kwana 30 na karatu. Idan yana iya 5, kwana 10. Ba na cewa ki matsa masa har ya tsani littafi. Ga dabara mai sauƙi: ranar Asabar da Lahadi da lokacin hutu, ajin a tsaye yake. Duk shafin da ya yi a ranakun nan daga ratar yake fita kai tsaye. Shafi 3 ranar Asabar, 3 ranar Lahadi, a mako biyar ya cike talatin, ko da bai ƙara komai ba a sauran ranaku.

Saboda haka ranar da ya koma, ki je ko ki kira malaminsa ki tambayi abu biyu: daga ina zuwa ina aka yi ba ya nan, kuma nawa ake ci a mako? Da kin san rata kin san saurin aji, sauran ki riga kin iya. Haka za ki yi da haddar Islamiyya. In kuma maigida yana son ɗaukar yaro zuwa gona a ranar makaranta, ki ƙirga masa wannan lissafin cikin lalama, ya ga kwana nawa ake biya a kan kowace rana ɗaya.

Aikin gida na iyaye mata

Yau ku zan ba aiki, ban da sa hannun maigida. Tambayar ta fito ne daga ƙasar Sin, a wani littafin lissafi na shekarar 1299. Ma'aunin tafiyarsu sunansa li, kamar yadda muke cewa kilomita. Ingarman doki yana cin li 240 a rana. Raggon doki yana cin li 150 a rana. Raggon ya riga tashi da kwana 12. Kwana nawa ingarma zai yi kafin ya kamo shi?

Ki fara da rata, sannan bambancin sauri, sannan ki raba, ki kuma gwada amsarki. Ki rubuto mana ita a ƙasa tare da garinku, ki faɗa mana ko ke kika riga samowa ko ɗanki. Ita ma 'yar'uwarmu ta Bunkure muna jiran tata.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. A gaida yara.